Hutun Da Ban Dawo Ba

"Inna... mi takardun makarantata suke yi cikin akwatin tafiya?"

Inna ba ta ɗago ba. Tana durƙushe tana ninke zannuwa, kamar ba da ita nake ba.

"Inna!"

"Na ji ki, Shamsiyya. Ba kurma nike ba."

Na ɗaga ambulan ɗin ina nuna mata. Takardar shaidar malantata ce a ciki, da ta haihuwa. A ƙarƙashinta ga bargona mai nauyi, ga kwanukan tangaran guda shida da ta saya mini tun ina 'yar shekara sha biyar, ta ce ba mai taɓa su sai ranar da za a kai ni ɗakina.

"Hutun sati uku fa za mu. Bargon na mene ne?"

"An ce Jos da sanyi."

"Kwanukan fa? Su ma sanyin suke ji?"

Sai a lokacin na lura da abin da take yi. Zane ɗaya ta ninke ta warware, ta sake ninkewa ta warware.

Na zauna a gabanta na riƙe zanen.

"Don girman Allah, Inna, ki dube ni."

Ta dube ni. Idanunta sun yi jajir.

"Babanki ya ce... in mun kai Maiduguri, ki ɗan tsaya wajen Gwaggonki Halimatu. An yi maki maganar aikin koyarwa can. Mu mu dawo."

"In tsaya kwana nawa?"

Ta mayar da idonta kan zanen.

"Inna, kwana nawa?"

"Har ki manta da yaron ga, ɗiyata."

Ban san sanda ambulan ɗin ya suɓuce daga hannuna ba.

*

Shekarar 1992 ce, shekara guda da ba mu jihar Kebbi. Ina da shekara ashirin da uku, ina koyarwa a wata firamare a Yelwa, garinmu da ke ƙasar Yauri. Babana, Alhaji Sani, ya yi shekara talatin yana fataucin kifi banda da albasa daga Yauri zuwa kudu, babu tashar da ba a san shi ba. Inna kuwa ko Kontagora ba ta taɓa wucewa ba.

Ranar Babbar Sallah muna suyar nama a tsakar gida, Baba ya ce bana in an yi dogon hutu zai zuba mu a sabuwar fijonsa, shi da Inna da ni da Yaya Kabiru, ya zagaya da mu ƙasar nan kaf.

Inna ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ita abu ɗaya take so, ta ga inda ruwan nan da yake wucewa ta bayan garinmu yake zuwa.

"Malama za ta tsara muna tahiyar," in ji Baba. "Ni hanyar manyan motoci kaɗai na sani."

Ni kuwa na san wanda zan tambaya.

Tanimu malamin labarin ƙasa ne a sakandaren garinmu. Shekara biyu yana zuwa zance wurina, Alhamis da Lahadi bayan la'asar. Ɗan Warra ne, amma a hannun kawunsa ya tashi a Yelwa, a nan ya musulunta tun yana yaro. Mahaifinsa Baba Samuel da mahaifiyarsa Laraba coci suke zuwa. Kowa a gidanmu ya san haka. Ba wanda ya taɓa cewa uffan, ni kuma na ɗauka shirun yarda ce.

Ya zo da wata ƙatuwar taswira ya shimfiɗa a tabarmar zaure, ya danne gefunanta da takalmansa.

"Daga nan Kontagora, Minna, sai Abuja, Inna ta ga sabon babban birni. Sannan Lakwaja... nan ruwanmu yake haɗuwa da Binuwai."

"Daga nan fa?"

"Anacha, ku kwana biyu gidan aminin Baba. Sai Fatakwal, ta ga bakin teku. Ku juyo ta Inugu, Makurɗi, Jos, ku shiga Yankari ku ga giwaye."

"Kai fa, Malam?"

"Ni ina nan ina ƙirga kwanaki, rabin raina."

"Ƙarya kake! Warra za ka tafi ka yi ta cin kifi ka manta da ni."

"In na manta da ke, mi ya rage da zan tuna?"

Haka muka yi sati shida. Wace hanya ce ruwa yake yankewa da damina, ina ake samun mai, ina za a kwana, ina za a tsaya Inna ta miƙe ƙafarta mai ciwo. Ina rubutawa a littafi, yana bina da jan biro kamar ɗalibarsa. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba.

Sati uku kafin tafiyar Baba ya ce a ƙara Maiduguri. Na ce ta yi nisa, za ta cinye mana kwana huɗu. Da na gaya wa Tanimu sai ya daɗe yana kallon taswirar, sannan ya ce, "Ku je, Shamsiyya. Gwaggonki za ta ji daɗi."

Da hannunsa ya ja layin daga Bauchi zuwa can.

*

"Mi Tanimu ya yi maku, Inna?"

"Ba shi ba ne. Ke ce aka ce kin yi."

"Ni?"

Ta jawo haɓar zanenta ta share ido.

"Yasira ta hwaɗa ma Kabiru ran da kunka tahi Warra, kin bi uwar yaron coci. Wai har kin cire mayahi kin zauna cikinsu."



Da izinin Inna na je Warra. Laraba ce ba ta da lafiya, na ce zan je in gaishe ta, Inna ta ce in tafi da Yasira, ɗiyar ƙanen Baba, wadda muka tashi ɗaki ɗaya da ita. A kwance muka tarar da matar, zazzaɓi ya hana ta ko zama. Da azahar ta yi, Baba Samuel da kansa ya cika mana buta, ya kakkaɓe sabuwar tabarma, ya nuna mana gabas.

Cocin da na shiga ke nan.

Ko mayafi ban gyara ba na faɗa gidansu Yasira. Tana zaune a inuwa tana tsince shinkafa a faifai.

"Yasira, wane coci na shiga?"

Ba ta daina tsintar ba.

"Da ke nake! Ba tare muka yi sallah a tabarma ɗaya ba?"

"Tare muka yi."

"To don mi?"

Ta aje faifan a hankali. Wallahi ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Wa ya fara ganinsa, ni ko ke? Ni na nuna miki shi a bakin kasuwa, na ce ki ga wani malami mai kyau. Kin manta? Shekara biyu ina kai muku ruwa zaure, yana ce min 'sannu ƙanwata.' Ƙanwata! Ko sau ɗaya kin taɓa tambayata yadda nake ji?"

"Ban sani ba, Yasira..."

"Ba ki so sani ba."

"Ki tashi mu je ki faɗa wa Baba gaskiya."

Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Ko na faɗa ba za a ba ki shi ba. Ke kaɗai ce ba ki gane ba. Dama dalili suke nema, ni kuma na miƙa musu."

*

Washegari Alhamis ce, saura kwana biyu mu tashi. Da hantsi na je gidan kawun Tanimu, aka ce ya sauka bakin ruwa, zai bi jirgin Warra.

Ranar zancenmu ce, kuma ita ce ta ƙarshe kafin tafiya. Ko sallama ba zai yi mini ba?

Na same shi tsaye kusa da kwale-kwalen, jaka a kafaɗa, ana ta lodin buhunan gishiri da jarkokin kananzir. Da ya gan ni sai da ya ja baya taku ɗaya.

"Shamsiyya..."

"Tanimu, ba dawowa za a yi da ni ba! A Maiduguri za su bar ni. Jiya na gane. Ka fasa tafiyar nan, ka je ka ɗauko kawunka yau ɗin nan ku zo wurin Baba, ka..."

Na tsaya.

Bai firgita ba. Bai ce "mi?" ba. Ƙasa kawai yake kallo, yana murza igiyar jakarsa.



"Ka sani."

"Mu matsa gefe, mutane suna..."

"Ka sani, Tanimu?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Sati uku. Kabiru ya same ni a makaranta. Ya ce Baba ya ce za a ba ni ke, amma da sharaɗi." Ya juya yana kallon ruwa. "Iyayena ba za su zo ɗaurin aure ba. Ba zan taɓa kai ki Warra ba. 'Ya'yan da za mu haifa ba za su kwana a gidan kakansu ba. In na ƙi, za a ɗauke ki daga garin."

"Ka ce mi?"

"Na ce ba zan iya ba. Mahaifina da fatsa da fartanya ya yi min karatu, Shamsiyya. Ran da na ce zan yi sallah bai hana ni ba, shi ya sayo min hula. Ta yaya zan dube shi in ce kada ya zo aurena?"

Hawaye ya zubo mini, amma ba na wannan maganar ba ne.

"Ban ga laifinka ba. Wallahi da ka yarda da na raina ka. Amma sati uku, Tanimu! Sau shida ka zo zaurenmu. Ka zauna gabana, ka ƙirga min kwana nawa za a yi daga Bauchi zuwa Maiduguri, ka ce in tafi da lemo saboda hanyar da zafi... alhali ka san inda ake kai ni!"

"Na kasa faɗa miki, hasken idona. Duk ran da na zo da niyya, sai in gan ki kina dariya kina rubutu... sai in ce bari in ƙara samun yammaci ɗaya."

"Kai ka samu yammacinka. Ni fa?"

Na matsa kusa da shi.

"Baba ya yanke, Yaya ya kai saƙo, kai ka ba da amsa, Inna ta haɗa kaya. Ni wa ya tambaye ni? Da ka gaya min, da sati ukun nan na yi su ina roƙon Baba, ba ina zana hanyar da za a jefar da ni ba."

"Mi kike so in yi?"

"Yanzu kake tambaya? Ba ka yi komai ba, Tanimu. Jirgi ma za ka hau."

Mai jirgin ya ja injin, yana kiran masu Warra su shigo. Na juya. Ya kira sunana sau biyu, ban waiwaya ba.

*

Bayan an sauko Juma'a na tarar da Baba a ƙofar ɗakinsa, Yaya Kabiru yana nuna masa sabuwar tayar da ya sayo wa motar. Na durƙusa.

"Baba, ina da magana."

"Innarki ta hwaɗa mani kin ji."

"Ban shiga coci ba, Baba. Ƙarya Yasira ta yi."

"Na sani. Jiya ubanta ya titsiye ta, ta amsa."

Na ɗago da sauri.

"To ke nan..."

"To ke nan sharaɗina yana nan."

"Baba, Musulmi ne fa! A bayanka yake sallah a masallacin unguwa."

"Ba shi nike ji ba, gidansu nike ji. Gobe ki haihu, a kai jikana can ran Lahadi, ya ga kakansa ya ɗauki littahi ya nuhi wani wuri. Mi za ki ce mashi?"

"In ce masa kakansa ne, mutumin kirki ne."

Yaya Kabiru ya yi tsaki.

"Kin ji ko, Baba? Tun ba a je ko'ina ba."

Ban kula shi ba.

"Baba, a littafin tafiyarmu na rubuta Anacha kwana biyu. Gidan wa za mu sauka?"

Ya mayar da idonsa kan tayar.

"Ba gidan amininka ba ne, wanda ka ce shekara talatin kuna ci a kwano ɗaya? Wanda ka ce matarsa ta yi jinyarka da ka kwanta can? Shi masallaci yake zuwa?"

"Ke, Shamsiyya! Baba kike yi wa wannan maganar?" Yaya ya daka mini tsawa.

Baba ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallona, ba da fushi ba. Da fushi ne ma da ya fi mini sauƙi.

"Ciniki daban, jini daban. Ba ƙinki nike ba, ɗiyata. Wata rana za ki gode mani."

"Shi ya sa aka ɓoye min? Ni na ɗauka hutu za ka kai mu."

"Hutun ma za a yi. Innarki ta daɗe tana jira." Ya miƙe ya gyara hularsa. "Gobe bayan an karya za mu tashi."

*

Da safe Yaya ya gama ɗaure kaya a saman mota. Akwatina ne ya fi na kowa girma. Inna ta fito da sabon leshinta, wanda ta ɗinka don wannan rana, fuskarta kamar mai zuwa ta'aziyya. Maƙwabta sun taru a ƙofar gida suna mana fatan sauka lafiya.

Sai na ga mutane suna darewa.

Baba Samuel ne. Tsoho dogo, siriri, cikin farar riga da aka wanke aka goge. Tanimu yana bayansa, kai a sunkuye.

Tun daga nesa tsohon ya cire takalmansa ya riƙe a hannu. Ya tako a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa har gaban Baba, ya aje su, ya durƙusa.

Ya girmi Baba da shekara goma ko fiye.

"Subhanallahi! Tashi, Malam Samuel, tashi."

"Bari in gama, Alhaji." Hausarsa da nauyi take fita, kalma ɗaya-ɗaya. "Yaron nan ya zo gida shekaranjiya, bai ci ba, bai sha ba. Uwarsa ta matsa masa, ya faɗi. Ni ban san an yi maganar nan ba sai ranar."

Ya ɗago ya dubi Baba.

"Na zo in ce na yarda. Ranar aure ba za ka gan ni ba, ba za ka ga uwarsa ba. Yarinya ba za ta taka Warra ba. In Allah ya ba su 'ya'ya... in na shigo kasuwa na hango su daga nesa, ya ishe ni. Ba zan ce musu ni wane ne ba." Ya sunkuyar da kai. "Ka ɗauka ba shi da uba, Alhaji. Ka zama ubansa. Ka ba shi yarinyar nan."

Inna ta toshe bakinta da mayafi. Wata maƙwabciyarmu ta fara sharar hawaye.

Na dubi Tanimu. Ina jira ya ɗaga ubansa. Ina jira ya ce a'a, Baba, tashi mu tafi, ba a kan wannan ba.

Yana tsaye. Bai motsa ba.

Baba ya yi gyaran murya.

"To... tunda kun yarda da bakinku, ni ba ni da sauran magana. Kabiru, sauke akwatin Shamsiyya."

Tanimu ya ɗago, idonsa ya kawo haske.

"Kin ji, rabin raina? An ba mu!"

"Yaya, bar akwatin."

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na taka har gaban tsohon, na durƙusa, na ɗauki takalmansa na juya masa su saitin ƙafarsa.

"Baba, don Allah ka tashi. Ka sa takalminka."

"'Yata..."

"Ranar da na zo gidanka ka shimfiɗa min tabarma da hannunka. Ba zan saka maka da wannan ba."

Na riƙe hannunsa har ya miƙe. Sannan na juya wurin mahaifina.

"Baba, ka ga mutumin da kake gudun jikokinka su sani. Ka janye sharaɗin nan, yanzu in sauke akwatina da kaina, in yi maka biyayya har in mutu. Amma in da sharaɗin ne, ba na so."

Baba ya dubi tsohon. Ya dubi maƙwabta da suka zuba masa ido. Ya dubi Yaya Kabiru. Na ga leɓɓansa suna motsi, na rantse saura kaɗan...

"Magana na yi gaban mutane. Ba ni janyewa."

"To mu tafi, Baba. Rana tana yi."

Tanimu ya sha gabana.

"Shamsiyya, mi kike yi? Ke kika ce ban yi komai ba! Ga shi na yi!"

"Ba kai ka yi ba. Shi ya yi."

"Don ke ne fa! Don kada in rasa ki!"

"Na sani. Shi ya sa ya fi min ciwo." Hawaye yana zuba, ban share ba. "Shekaranjiya na bar ka ina jin haushinka, amma ina ganin girmanka. Yau ka tsaya kana kallo ubanka yana durƙushe a ƙasa yana cewa a ɗauka ya mutu. In na aure ka a haka, duk ran da na dube ka shi zan gani. Kai ma duk ran da ka dube ni shi za ka gani, kuma wata rana sai ka tsane ni."

"Ba zan taɓa..."

"Ka kai shi gida, Tanimu. Ka riƙe masa hannu, ƙasar da santsi."

Na buɗe ƙofar baya na shiga kusa da Inna. Yaya ya tada mota. Ta madubi na hango tsohon ya dafa kafaɗar ɗansa, shi yake rarrashinsa.



*

An yi tafiyar yadda na tsara, ba a sauya ko kwana ɗaya ba. Mun ga Abuja, mun tsaya Lakwaja, mun kwana biyu a Anacha aka yi mana hidima kamar sarakai. Ni dai ina zaune a bayan mota ina faɗin inda za a juya. In ka tambaye ni kalar tekun Fatakwal ko girman giwayen Yankari, ban sani ba.

A Maiduguri, da za su juyo, Baba ya kira ni bayan mota inda ba mai ji.

"In kina so... ki shiga mu koma gida."

"Sharaɗin fa, Baba?"

Ya kau da kai.

Na ɗauki akwatina na shiga gidan Gwaggo Halimatu. Inna ta bi ni har ɗaki, ta rungume ni tana kuka, tana cewa in yafe mata. Na ce na yafe. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa.

Wasiƙar Tanimu uku ta zo a watannin farko. Na karanta su duka, har na haddace. Ban amsa ko ɗaya ba, don babu abin da ya sauya da zan rubuta masa.

Bayan shekara ɗaya da rabi wata wasiƙar ta zo, da rubutun Yasira a bayanta. Na dawo daga makaranta ke nan, ko takalmi ban cire ba na buɗe.

Shafi biyu na neman gafara ne. Ta ce ita ma bai taɓa kallon inda take ba, ko gaisuwarta ba ya amsawa. A shafi na uku ta ce Tanimu ya yi aure watan jiya, wata 'yar Warra ya aura, ma'aikaciyar jinya. Ta ce a ƙofar gidan iyayen amarya aka ɗaura. Baba Samuel aka zaunar a sahun gaba, shi ya raba goro da hannunsa. Laraba kuwa ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi.

Na karanta wurin sau uku.

Gwaggo ta leƙo daga madafa, muciya a hannunta.

"Shamsiyya, lafiya? Wani ya rasu?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Wani tsoho ne ya aurar da ɗansa."

"To mene ne na kuka?"

"Murna nake taya shi..."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta jingine muciyar, ta zo ta zauna kusa da ni a bakin ƙofa, ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, ba ta sake tambayata komai ba.